Ina Saniyar Take? Herzog, Kogon Faransa da Shanun Birnin Kudu

FIM: Cave of Forgotten Dreams
SHEKARA: 2010
DARAKTA: Werner Herzog
ƊAUKAR HOTO: Peter Zeitlinger
KIƊA: Ernst Reijseger
TSAWO: Kimanin minti 90

Ni da na saba zama a wannan shafi ina fiɗar finafinan mutane, in ce wane bai iya haske ba, wane ya yanke wa jaruma rabin kai, wannan karon ni aka kwantar aka feɗe, kuma har wutsiya. Dalilin wannan fiɗa ne ya sa na kalli fim ɗin da za mu duba a wannan wata, saboda haka mai karatu ya yi mini haƙuri in fara da ita.

Bayan ƙaramar Sallar da ta wuce wata hidimar biki ta kai ni Birnin Kudu, a Jihar Jigawa. Da aka ɗaura aure sai na sulale, na samu wanda ya raka ni duwatsun nan masu zanen mutanen da, su Dutsen Habude da Dutsen Mesa. Zanen shanu ne da jan launi a jikin dutse, waɗanda Baturen nan Bernard Fagg, wanda ya kafa gidan tarihi na Jos, ya yi rubutu a kansu tun tsakiyar shekarun 1950. Na ɗauki hotuna sun fi 60 da kyamarar aro. Da na dawo Kano sai na kai su wurin wani maigidana, dattijon mai ɗaukar hoto da ya fara aiki tun zamanin kaset. Ba zan faɗi sunansa ba, domin ba ya son shiga jarida.

Ya yi ta danna kwamfuta yana wuce su ɗaya bayan ɗaya, bai ce uffan ba. Can sai ya cire tabarau ya dube ni.

"Malam ɗan sharhi, ina saniyar take?"

Na ce, "Ga ta nan a tsakiya, Oga."

Ya ce, "Kai ka gan ta, don ka je wurin. Ni dutse nake gani yana ƙyalli."

Sai ya shiga lissafi. Na je da tsakar rana, rabin hoton haske ya ƙone shi, rabi kuma duhu. Na kunna filasha ta daki dutsen kai tsaye, ta wanke ɗan launin da ya rage. Babu wani abin awo a gefe, mai kallo ba zai san ko saniyar ta kai tafin hannu ko ta kai tabarma ba. Kuma a cikin hotuna 60 babu ko ɗaya da na ja da baya na nuna dutsen gaba ɗayansa, a ga inda zanen yake zaune. Daga ƙarshe ya zuba mini wannan fim a waya, ya ce in je in kalla sau biyu kafin in sake zagin kowa.

To, na kalla sau uku.

Sunan fim ɗin da Hausa shi ne "Kogon Mafarkan da Aka Manta". Ba fim ne na labari ba, na gaskiya ne, irin wanda ake bin abu da kyamara ana bayani. A ranar 18 ga Disamba, 1994 wasu masu shiga koguna su uku, Jean-Marie Chauvet da Éliette Brunel da Christian Hillaire, suka ji iska tana fitowa daga wata 'yar kafa a jikin dutse a yankin Ardèche, kudancin Faransa. Suka yaye duwatsu suka kutsa. Abin da suka tarar shi ne kogon da yanzu ake kira da sunan na farkonsu, wanda Faransawa ke furtawa "Shobe". A cikinsa akwai zane sama da 1,000, fiye da 400 daga ciki na dabbobi ne: dawaki, zakuna, karkanda, ɓauna irin ta Turai, giwa mai gashi, har da mujiya. Fim ɗin ya ce shekarunsu 32,000, amma lissafin da aka daidaita daga baya ya kai tsofaffin cikinsu kimanin shekara 36,000. Abin da ya adana su shi ne dutse da ya zaftaro ya toshe bakin kogon sama da shekara 20,000 da suka wuce, ba wanda ya sake shiga.

Gwamnatin Faransa ba ta taɓa buɗe shi ga 'yan kallo ba, kuma tana da hujja. Wani kogon nasu mai suna Lascaux an buɗe shi a 1948, jama'a suka yi ta tururuwa, numfashinsu da zafin jikinsu suka canza iskar wurin har gansakuka ta fara cin bango, ala tilas aka rufe shi a 1963. Shi ya sa shi wannan aka sa masa ƙofar ƙarfe sai ka ce ta ma'ajin banki. Wanda yake son gani sai dai ya je kwaikwayonsa da aka gina a kusa, aka buɗe a 2015.

Shi kuwa Herzog, Bajamushe ne, an haife shi a 1942, kuma ya yi suna wajen taurin kai. Shi ne wanda a fim ɗinsa Fitzcarraldo na 1982 ya sa aka ja jirgin ruwa na gaske aka haura tudu da shi a dajin Peru. Ba baƙo ba ne a yankinmu ma, domin a 1989 ya fitar da fim a kan Fulanin Wodaɓe na Nijar da bikinsu na Gerewol. Da ya samu izinin shiga wannan kogo sai aka gindaya masa sharuɗɗan da idan furodusan Kano aka ba, zai ce a bar aikin kawai. Mutum huɗu kacal har da shi. Kwana shida, kullum awa huɗu, saboda iskar ciki tana da guba idan aka daɗe. Ba a taɓa bango, ba a taka ƙasa, sai dai a bi wata siririyar hanyar ƙarfe da faɗinta bai wuce ƙafa biyu ba. Fitilu kuma sai masu batir waɗanda ba sa zafi. Shi darakta da kansa ne ɗan riƙe fitila.

Abin da ya fara burge ni shi ne bai ɓoye wannan takura ba. Tun farko ya gaya wa mai kallo cewa babu inda ma'aikatansa za su ɓuya, don haka za a riƙa ganinsu a cikin hoto. Kuma ana ganin nasu. Hotunan shigarsu ta farko da wata 'yar ƙaramar kyamara aka ɗauka, suna da dishi-dishi da rawa, ya bar su a haka. Mu nan idan makirufo ya leƙo daga sama a fim sai mu yi ta dariya, kuma da gaskiyarmu, domin can kuskure ne. A nan kuwa ganin mutum huɗu a jere kan ƙarfe, ana miƙa wa juna batir, shi ne ya ba ni amsar abu biyu daga cikin huɗun da maigidana ya lissafa. Da ka ga kafaɗar mutum a gefen zanen ka san girmansa. Da ka ga yadda suke sunkuyawa ka san inda zanen yake a jikin kogon.

Amma gwanintar fim ɗin tana wajen haske, kuma a nan zan ɗan daɗe.

Akwai wani bango da ake kira bangon dawaki. Kawunan dawaki huɗu ne a jere, an zana su da gawayi, kowanne ya ɗan leƙo ta bayan ɗan'uwansa, a ƙasansu kuma karkanda biyu sun haɗa ƙaho. Idan ka ga hotonsa a littafi, wanda aka ɗauka da haske ɗaya mai faɗi, za ka ce ma sha Allah, an iya zane, ka buɗe shafi na gaba. Zeitlinger da Herzog ba su yi haka ba. Kyamara tana tsaye ko tana tafiya a hankali, ita fitilar ce take yawo. Ta zo daga hagu, inuwa ta faɗa dama, sai ka ga ashe bangon ba shafaffe ba ne, yana da tudu da kwari, kuma mai zanen ya san da haka. Inda dutse ya kumburo nan ya sa kafaɗar dabba. Inda ya lotsa nan ya sa wata tana fitowa kamar daga rami. Fitilar ta koma ɗaya gefen, sai wuyan dokin ya motsa. Wallahi karo na farko sai da na mayar da wurin baya, don na ɗauka dabarar kwamfuta ce.

Ba dabara ba ce, kuma hujjar Herzog mai ƙarfi ce. Waɗanda suka yi zanen ba su taɓa ganinsa da haske tsayayye ba. Da bakin wuta suka shiga, ga ma alamun inda suka riƙa goga itacen a bango don ya ƙara ci. Wuta kuwa rawa take yi. Ke nan wanda ya haska zanen da fitila mai yawo ya fi kusa da abin da mai shi ya gani, fiye da wanda ya wanke shi da haske. Daga nan ne ya nuna wata ɓauna mai ƙafa takwas da wani karkanda da aka maimaita ƙahonsa sau da yawa, ya ce wannan kamar mafarin silima ne, wato yunƙurin sa hoto ya yi motsi. Wannan magana tasa ce, ba wanda ya tambayi mai zanen, amma bayan ka ga dokin nan ya motsa da wuya ka yi masa musu.

An shirya fim ɗin da fasahar 3D, irin wadda ake sa tabarau na musamman a ga hoto ya yi zurfi. Ni a shafaffen allo na kalla, kamar yadda mafi yawanku za ku kalla. Duk da haka tudun bangon ya fito, domin inuwa ce take fito da shi. Ina ma masu haska mana fim za su zauna su kalli minti goman ƙarshe na cikin kogon. Har yau a finafinanmu da yawa fitila ɗaya ake dasawa a gaban ɗan wasa a ƙure ta, fuska ta zama faranti, ɗakin talaka da falon Alhaji haskensu ɗaya, dare ma sai an gaya maka dare ne. Ba rashin kayan aiki ba ne kaɗai. Waɗannan mutane fitilun hannu suka shiga da su.

To amma fim ɗin yana da nasa tuntuɓen, kuma ba ƙanana ba ne.

Na farko sauti. Akwai inda masanin nan Jean Clottes, wanda ya fara jagorantar binciken kogon, ya roƙi kowa ya yi shiru a saurari kogon, wataƙila har a ji bugun zuciya. Na gyara zama. Ba a yi nisa ba sai ga Herzog ya sa mana bugun zuciya na situdiyo, kiɗa ya biyo baya. Haba malam! An ce a yi shiru. Kiɗan Reijseger da muryoyin mawaƙansa suna da daɗi, amma sun cika yawa, suna gaya maka yadda za ka ji tun kafin ka ji. Ciwon da muke kuka da shi a gida ke nan, inda jaruma ba ta isa ta yi tagumi ba sai an saki fiyano.

Na biyu yawo. Herzog yana son mutane masu abin mamaki, kuma idan ya samu ɗaya sai ya manta da abin da ya kawo shi. Ga wani da ya sa rigar fata yana busa taken Amurka da kwaikwayon sarewar ƙashi. Ga wani tsohon gwanin haɗa turare yana bin dutse yana shinshina, wai ko zai ji ƙanshin wani kogon. Ga wani masani yana gwada jifa da mashi, jifar da ko akuya ba za ta tsorata ba. Akwai ban dariya, ban musa ba, har da 'yar rawa guda ɗaya da aka ɗauko daga tsohon fim ɗin Fred Astaire inda yake rawa da inuwarsa, ga masu cewa ba sa kallon fim ɗin da babu rawa. Sai dai mutumin da aka ba awa 24 kacal a wurin da kusan duk duniya ba za ta taɓa shiga ba, kowane minti da ya kashe a waje daga aljihunmu ya ɗauka.

Na uku shi ne wanda ya fi ɓata mini rai. A ƙarshe ya kai mu wani gidan kadoji da a wancan lokacin ake ɗumama shi da ruwan zafin da ke fitowa daga wata tashar nukiliya a bakin kogin Rhône, ya nuna wasu zabiyoyin kadoji farare fat, ya bar mai kallo da zaton cewa zaman wurin ne ya sauya musu halitta. Alhali daga Amurka aka kawo su, kuma da farinsu suka zo. Herzog ya daɗe yana cewa shi ba gaskiyar akanta yake nema ba, akwai wata gaskiya mai zurfi da sai an ɗan yi ƙari ake kai gare ta. A fim ɗin labari na yarda. Amma wanda ya ce mini ga hoton abin da ba zan taɓa gani da idona ba, amana ya ɗauka. Idan na kama shi da ƙari a kan kada, me zai hana in fara shakkar doki?

Akwai kuma maganar da ya yi cewa kamar a nan ne ruhin ɗan Adam na zamani ya farka, da cewa waɗannan su ne zane mafi tsufa da aka sani. Ta biyun lokaci ya riga ya rushe ta: a 2021 an bayyana zanen wani alade a tsibirin Sulawesi na Indonesiya mai aƙalla shekara 45,500, a 2024 kuma wani mai 51,200 a tsibirin dai. A kogon Blombos na Afirka ta Kudu an samu ɗan dutse da aka ja wa layuka da jar ƙasa kimanin shekara 73,000 da suka wuce. Ta farkon kuwa tsohuwar ɗabi'a ce ta Bature, duk inda ya tsinci abu mai kyau a bayan gidansa sai ya ce daga nan duniya ta fara.

Wurin da fim ɗin ya fi amfanata ba ya cikin wuraren da ake yabo. Wata masaniya ta tsaya gaban zanen zakuna, ta nuna cewa ɗaya namiji ne, domin an zana alamar mazakutarsa, amma ba shi da geza. Wannan zaki ya ƙare a duniya tuntuni, ƙashi kuwa ba ya nuna gashi, saboda haka zanen ne shaidar cewa zakin Turai na wancan zamani ba shi da geza irin ta namu. Nan take na tuna shanun Birnin Kudu. Ba su da tozo. Duk shanun da ka sani a kasuwar Wudil masu tozo ne, amma wanda ya yi wancan zane wasu shanu yake gani, marasa tozo, wasu masu dogon ƙaho wasu gajere. Wato zanen takardar shaida ce a kan irin dabbar da aka taɓa kiwo a ƙasar nan. Na koma na duba hotunana 60, babu ɗaya da layin bayan saniyar ya fito sosai har a ce ga shi babu tozo. Abin da ya fi komai muhimmanci shi filashata ta cinye.

Da na nuna wa wasu abokai hotunan, shawarwari sun zo iri-iri. Wani ya ce ai da na watsa wa dutsen ruwan leda, launin zai fito raɗau. Gaskiya ne zai fito, kuma wannan ita ce shawara mafi muni da za a ba mutum. An yi haka a baya. Ayarin Bafaranshe Henri Lhote da suka yi aiki a duwatsun Tassili na Aljeriya a 1956 da 1957 sun riƙa goge zanen da soso da ruwa don su kwafa, abin da masana suka daɗe suna kuka da shi, domin jiƙawa da bushewa suna cin launin. Haka masu bin layin zane da alli don ya fito a hoto. Garin neman gira a rasa ido ke nan. Wani kuma ya ce in ƙure launin a kwamfuta. Wannan da sauƙi, tunda bai taɓa dutse ba. Akwai ma manhaja ta musamman mai suna DStretch da wani Ba'amurke, Jon Harman, ya fitar a 2005, wadda take tsananta bambancin launi har abin da ido ba ya gani ya bayyana. Masana suna amfani da ita sosai. Sharaɗin shi ne ka ajiye hoton asali a gefen wanda ka ƙure, ka faɗa wa mai kallo wanne ne wanne. In ba haka ba ka zama Herzog da kadojinsa.

Kuma kada a raina abin da hoto mai kyau yake iya yi. Raƙuman dawan Dabous, waɗanda aka sassaƙa a dutse arewa da Agadas, babban cikinsu ya haura mita 5, an rubuta labarinsu tun 1987, amma duniya ba ta waiwaye su ba sai da mai ɗaukar hoto David Coulson ya je a 1997 hotunansa suka bazu. Ƙungiyar da ya kafa a Nairobi, TARA, ta tara hotunan zanen duwatsun Afirka kimanin 25,000 waɗanda gidan tarihin Birtaniya da ke Landan ya karɓi kwafinsu a 2013. Zanen da yake dushewa, wata rana hotonsa ne kawai zai rage.

Na koma Birnin Kudu makonni uku bayan haka, kaina cike da Herzog. Na riƙe fitila daga gefe ina yawo da ita kamar yadda na gani. Sai abin ya ƙara lalacewa! Ashe darasin ba ya ɗaukuwa haka ɗungurungum. Bangon kogon Faransa dutsen farar ƙasa ne mai laushi da lanƙwasa, an ma kankare wasu wuraren kafin a yi zane. Namu dutse ne mai tauri mai ƙurji-ƙurji, da haske ya zo daga gefe sai kowane ƙurji ya yi tasa inuwar, saniyar ta nutse a ciki. Hasken gefe na sassaƙa ne da bango mai tudu. Zanen launi da ya dushe, inuwa mai laushi yake so. Sai na kashe fitilar, na jira rana ta yi sanyi bayan la'asar, na dasa kyamarar a kan ƙafafunta don kada ta girgiza, na bar ta ta sha hasken da yake akwai. Yaron da ya raka ni ya riƙe 'yar rula kusa da dutsen ba tare da ta taɓa shi ba. Na ja baya na ɗauki dutsen gaba ɗaya, sannan na matso.

Hotuna 12 na kai wa maigidana wannan karon. Ya daɗe a kan na bakwai.

"To, yanzu na ga saniya. Guda nawa ka ƙirga a nan?"

Na ce biyu.

Ya sa bayan biro a allon, can ƙasa ta hagu, inda ni na ɗauka tsatsar dutse ce.

"Wannan fa? Ƙahon wace ce?"

Na matso na duba. Na tsaya a gaban dutsen nan sau biyu, da idona, ban gan ta ba.